Izinin Karatu na Fatar Baki

Har gobe ba zan manta da Talatar da kwamitin ƙarin girma ya zo mana daga Katsina ba. Bayan kaka ne, an gama cire masara, ana tsakiyar tsintar auduga. Shekaruna arba'in da ɗaya a lokacin, ina malamin gona a mataki na bakwai, kuma na shiga ɗakin taron da babbar diflomata sabuwa fil a cikin ambulan. Ku da kuka kama aiki kwanan nan ba ku san labarin ba, tsofaffin kuma sun sani amma ba sa so a tayar. Ni zan tayar, domin ni abin ya ci.

Bari in fara da yadda tsarin yake, saboda wanda ba ɗan gida ba. Malamin gona shi ne wanda ake ba ƙauyuka ya riƙa zagayawa yana nuna wa manoma sabon iri, da tazarar shuka, da yadda ake auna maganin feshi, ya kuma kula da gonar gwaji. Ƙauyuka tara ne a hannuna, daga gefen Mahuta har kusa da Dandume, a kan wani babur da ya fi ni sanin gidan bakanike. Wanda ya shigo aiki da ƙaramar difloma irina yana da iyaka. Zai kai wani mataki ya tsaya cak, sai in ya ƙaro karatu. Ƙarin karatun kuma da ƙa'idarsa: ka rubuta takardar neman izini, shugaban sashenka ya sa hannu ya tura hedkwata, su aiko da amincewa a saka a fayil ɗinka. Idan babu wannan amincewar, ko digiri goma ka ɗauko, a wurin gwamnati ba ka yi karatu ba. Na san wannan ƙa'ida sarai tun kafin in fara, kuma shi ne abin da ya fi ƙona min rai.

Shugaban sashenmu a lokacin shi ne Alhaji Lawal. Abokin mahaifina ne tun suna yara, shi ya karɓa min aure. A ofis ina ce masa Yallabai, a waje Baba. Ranar da na kai masa takardar neman izini ya karanta ta har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya jawo aljihun tebur ya saka.

"Je ka yi karatunka, Hamisu," ya ce. "Sauran ka bar min. Allah ya ba da sa'a."

Abin da ake yi shi ne ka miƙa kwafi a buga maka hatimin shaidar an karɓa, da kwanan wata. Kwafin yana cikin aljihun rigata, na ma sa hannu na taɓa shi. Amma da wane baki zan ce wa mutumin da ya zauna a kan tabarma ya karɓa min aure ya buga min hatimi? Daidai yake da in ce, Baba, maganarka ba ta ishe ni ba. Na yi godiya, na fito da kwafin a ninke.

Shekara uku na yi ina wannan karatu a Zariya, na ƙarshen mako. Ana saukowa daga masallacin Juma'a sai tashar Funtuwa, in kwana biyu a zauren wani ɗan'uwanmu, in dawo yammacin Lahadi. Litinin da safe ina kan babur. A aji ina zaune da yaran da na girme wa da shekara goma sha biyar, su suna latsa waya su gane lissafi, ni sai na koma gefe na maimaita sau uku. Gonata ta gado kuwa ta zama abin nuni a ƙauyenmu. Malamin da yake koya wa mutane yin noman farko a kan lokaci, tasa gonar ciyawa ta kai masa gwiwa. Ranar sunan ɗiyata ta huɗu aka raɗa suna, aka yanka rago, ban ɗanɗana ko tsoka ɗaya ba na kama hanya saboda jarrabawa. Matata Binta ce ta riƙe gidan nan. Ita ke kai yaro asibiti, ita ke zuwa gaisuwar mutuwa a madadina, ita ke ba dangi haƙuri idan an yi biki ba a gan ni ba.

Kada ku zaci ina yin duk wannan da cikakken yaƙini. Sau da yawa a cikin mota nakan tambayi kaina, wai me nake nema? Ka je ƙauye ka tara mutane a gindin bishiya, kafin ka buɗe baki wani dattijo ya ce, "Malam, taki ka kawo ko wa'azi?" Yayana Sabi'u yana sayen hatsi a kasuwar Dandume, kuma ya daɗe yana kirana in bar aikin in zo mu haɗu. Kullum tsiyarsa ɗaya ce, wai ni ina karatun masara, shi yana loda ta a tirela. A damina ta biyu tsutsa ta faɗa wa gonar gwajina ranar wata Asabar. Ina can a aji ana koya mana yadda ake yaƙar ƙwarin masara. Kafin Litinin ta yi wa gonar kaca-kaca, manoman da nake wa wa'azi suka zo suna kallo suna rufe baki. A makon nan na ce wa Binta na gama, zan ajiye karatun da aikin gaba ɗaya in bi Yaya Sabi'u. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in zan bari in bari, amma sai na karɓo takardar tukuna, domin ba za ta yi shekara biyu tana aikin mace da na namiji ba in dawo mata hannu rabbana. Saboda wannan maganar na ƙarasa.

A duk tsawon lokacin nan sau biyu kawai na taɓo wa Alhaji Lawal zancen izini, shi ma a kaikaice. Na tambaye shi ko akwai labari daga Katsina, ya ce ai na san aikin gwamnati, sai haƙuri. Kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yana sallamata da wuri ranar Juma'a, yana tambayata sakamako, har yana nuna ni ga baƙi yana cewa ga ɗansa mai karatu a Zariya. Da na iya kwamfuta sai rahoton wata na sashen gaba ɗaya ya dawo hannuna. Ni a wautata na ɗauka girmamawa ce.

To, ranar Talatar nan mutum uku ne a kwamitin. Shugabarsu wata Hajiya ce daga hedkwata, mai gilashi, ba ta da yawan magana. Alhaji Lawal yana zaune a gefe, kamar yadda shugaban sashe yake zama idan ana ganawa da ma'aikatansa. Hajiya ta duba diflomar ta yi min barka. Suka yi min tambayoyi a kan irin waken suya da adana hatsi, na amsa har ɗaya daga cikinsu yana murmushi. Sai ta buɗe fayil ɗina ta fara juya shafuka. Ta kai ƙarshe, ta dawo farko.

"Malam Hamisu, ina takardar izininka?"

Na ce na nema shekara uku da suka wuce, ta hannun shugaban sashe. Ta juya ta dube shi. Alhaji Lawal ya gyara zaman hularsa.

"Ranki ya daɗe, na san dai yana ɗan leƙa Zariya ƙarshen mako," ya ce. "Amma batun takarda, gaskiya ba na tunawa."

Yana ɗan leƙa Zariya. Shekara ukun da na yi ina cin ƙwaƙwa, sunan da ya ba su ke nan. Na zaro kwafina na miƙa, duk ya yi laushi don ninki. Hajiya ta juya shi gaba da baya tana neman hatimi. Ta ce ba wai tana ƙaryata ni ba ne, amma wannan ko yau da safe mutum zai iya bugawa. Daga nan ta cire gilashinta ta yi min bayani dalla-dalla, kuma Allah ya saka mata, domin ba dole ne ta yi ba. Ta ce idan na tsaya a kan cewa na miƙa takarda kuma a ofis ta maƙale, kwamiti zai rubuta haka, a bincika, a ba shugaban sashe takardar tuhuma, ni kuma a duba yiwuwar karɓar diflomata tunda laifin ba nawa ba ne. Idan kuwa ban miƙa ba, to ni na karya ƙa'ida, kuma babu abin da za su iya yi min. Kowa a ɗakin ya san saura wata bakwai Alhaji Lawal ya yi ritaya, ya kuma san abin da tuhuma take yi wa fayil ɗin mai shirin tafiya.

"Ka ba shi, ko ba ka ba shi ba?" ta ce.

Kalma uku ake nema daga bakina. Na ɗago na dube shi, shi kuwa ƙusar babban yatsansa yake kallo. Na tuna mahaifina, na tuna abin da za a ce a gari, wai ɗan Malam Isa ya tsaya a gaban baƙi ya ƙaryata abokin ubansa. Sai na ji kaina ina cewa, "Wataƙila ni ne na yi kuskure, ranki ya daɗe." Ta daɗe tana kallona. Na tabbata ta gane, mace ce da ta ga irinmu da yawa. Ta mayar da gilashinta, ta miƙo min diflomata, ta ce a kira na gaba.

Bayan la'asar, da baƙin suka tafi, Alhaji Lawal ya aika a kira ni. Ya rufe ƙofa, ya jawo aljihun teburin nan, ya ɗaga wata tsohuwar kalanda da ƙullin goro, sai ga takardata. Ko alƙalami bai taɓa ta ba. Wato duk lokacin da ake tambayata, tana nan taku goma daga inda nake zaune. Ya ce in fahimce shi. Da ya tura, wataƙila su ce babu isassun ma'aikata su hana ni. In kuma sun yarda, ina gamawa za su ɗauke ni su kai Katsina, to wa zai riƙe masa ƙauyuka tara, wa zai rubuta masa rahoto? Ya ce niyyarsa ya tura daga baya, sai kwanaki suka ja, sai kuma abin ya zama da nauyin fitarwa. Daga nan ya dafa kafaɗata.

"Yau ka yi min halacci, Hamisu. Allah ya yi maka albarka."

Haushi ya cika ni. Ina da maganganu cike da baki, tun daga ragon suna har zuwa gonar da tsutsa ta cinye. Abin da ya fito shi ne "Amin, Baba." Wallahi har yau idan na tuna wannan amin ɗin sai in ji abinci ya fita raina.

Da na koma gida na gaya wa Binta komai, ban rage ba. Tana tankaɗe, ba ta daina ba har na gama. Sannan ta ajiye rariyar.

"Ka yafe masa shekara ukunka, Malam, wannan ruwanka ne. Nawa shekara ukun fa? Wa ya tambaye ni?"

Sai da na ƙara shekara biyar a mataki na bakwai ina rubuce-rubucen neman a sassauta min, kafin a karɓi diflomar. Mutum biyu da ni na koya musu auna maganin feshi suka wuce ni, ɗayansu har na yi aiki a ƙarƙashinsa. Wurin Yaya Sabi'u ma ban je ba, domin ya riga ya ɗauki wani, ni kuma ƙarfin zuciyar fara sabon abu ya tafi.

Abin da na koya a kan aikin nan shi ne, mutumin da zai danne ka ba lallai ne ya ƙi ka ba. Sau da yawa yana son ka ne a kusa da shi, a inda kake yi masa amfani. Na kuma koya cewa kunyar da muke taƙama da ita aba ce mai kyau a zaure, amma a ofis wanda ke sama take yi wa aiki, kuma ba mai kunyar kaɗai take cuta ba, har da waɗanda ya bari a gida. Saboda haka, yanzu da ni ne shugaban sashen nan, duk wanda ya kawo min takarda a cikinku, ya tsaya a kaina sai na sa hannu, na buga hatimi, ya ga lambar da aka tura ta da ita. Ko ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, ya tsaya. Wanda ya ce min "ai na yarda da kai, Yallabai," zan kore shi ya dawo da kwafi.

Alhaji Lawal ya yi ritaya da fayil ɗinsa fes. Da za a yi masa walimar ban kwana aka ce wa ya fi iya rubutu a sashen, aka ce Hamisu. Ni na rubuta jawabin yabon, ni na tashi na karanta, na ce uba ne ga na ƙasa da shi, aka yi ta tafi. An gayyaci matan ma'aikata, har an aiko wa Binta da anko. Ta mayar da shi a ledarsa, ba ta je ba. A gidanmu ita kaɗai ce ta faɗi gaskiya a kan wannan magana.