Santin 'Yardada

A Gwammaja, in aka ce alkaki, 'Yardada ake nufi. Tun tana budurwa take murza alkama, kuma ba a kai garar amarya a unguwar ba tare da hannunta a ciki ba. Ba ta tambayar mutum ko ya ji daɗi, fuskarsa kawai take kallo in ya gatsa.

Da girma ya zo, sai ciwon suga ya raba ta da zaƙi. Kullum da safe jiƙon maɗaci take kurɓa, bakinta ya wuni da ɗaci. Tun daga nan fuskokin mutane suka sauya mata. Wanda ya yi murmushi ta ce dariya yake mata, wanda ya yi shiru ta ce raini ne.

Wadda ta fi tsaya mata a rai ita ce Shamsiyya, maƙwabciyar da ita da kanta ta koya wa sana'ar. Kishi ƙarara 'Yardada take yi da ita. Ranar da ta ji Shamsiyya aka ba alkakin bikin 'yar ƙaninta ita 'Yardada, ko abinci ba ta iya ci ba.

Ran haɗa gara, tsakar gida cike da mata, Shamsiyya ta durƙusa gabanta da faranti tana murmushi.

"Inna, a ɗanɗana mana."

'Yardada ta ga tsantsar izgili a fuskar nan. Ta manta da suga, ta ɗauki ɗaya don ta fito da aibinsa a gaban kowa. Ta gatsa, zuma ta cika mata baki. Da ta ɗago, sai ta nemi izgilin ta rasa. Yarinya ce kawai a tsorace, tana jiran abin da malamarta za ta ce.

Bakin 'Yardada ya kuɓuce. "Wai ni kam, wannan ɗankwalin naki a kasuwar Wambai kika saya?"

Mata suka kwashe da dariya. "Inna ta yi santi," in ji wata. Kowa ya san daɗi ne ke sa mutum irin wannan zance marar kan gado, kuma ba a taɓa jin 'Yardada ta yi shi a kan alkakin wata ba.

Tana komawa gida ta sauko da ƙoƙon maɗacinta, ko da yake ba lokacinsa ba ne. So take izgilin nan ya dawo fuskar Shamsiyya, don shi ya fi mata sauƙin ɗauka.