Amanar da Aka Bar wa Malam Tahir

A duk faɗin unguwar New Bell babu wanda ya kai Malam Tahir raina camfi. Shi da kansa ya faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Kakansa ne ya sauko daga Arewa da shanu. Shi kuwa a Douala aka haife shi, ya yi boko da Faransanci, ya tsufa a ofishin fitar da kaya na tashar jiragen ruwa.

Ana nan, 'yarsa Ikhlas, mai karatun likitan dabbobi, ta tsinto 'yar hawainiya a bakin titi wajen unguwar PK 14, ba ta fi yatsa ba. Da hutu ya ƙare, za ta koma makaranta, ta ajiye ta cikin keji a baranda.

"Papa, amana ce. In ta mutu, ni da kai."

"Ce n'est rien," in ji shi da Faransanci, wai ba komai, daga bayan kujera.

Tun yana yaro ya ji ana cewa wanda hawainiya ta hura wa iska, fatarsa za ta yi dabbare-dabbare har kabari. Bai yarda ba, ba shakka. Sai dai abar idonta biyu, kowanne da aikinsa: ɗaya na kallon bango, ɗaya na bin Malam Tahir har ƙuryar ɗaki. Da muciya yake tura mata fara, hancinsa a toshe da hirami. Kwanon ruwa kuwa da ƙafa.

Hawainiya ta ɗan taɓa fara. Ruwa ko kallo. Jikinta ya soma duhu, idanu suka faɗa, ta daina hawa reshe. Tsoro ya zame masa biyu: ta rayu kusa da shi, ko ta mutu ya rasa bakin yi wa Ikhlas magana.

Maƙwabcinsa Hamadu, ɗan Garoua mai sayar da albasa, ya leƙo ta katanga, ya ja da baya yana salati.

"Malam, da iyalinka a gida ka ajiye wannan? Ka ga ta yi baƙi? Fushi ta yi, kuma da kai take."

"Ilimi bai san fushin hawainiya ba, Hamadu."

"To ilimi ya matsa kusa mana."

Ilimi bai matsa ba.

Washegari Hamadu ya kawo kwalbar ruwan tofi daga wani malamin unguwa, ya ce a riƙa yayyafawa tsakanin mutum da ita, safe da yamma, sharrinta ya karye. Malam Tahir ya karɓa don kada ya ɓata wa maƙwabci rai. Ya tsaya bakin ƙofa, ya tsoma tsintsiya. Ya watsa daga nesa, sai rabin ruwan ya fallatsa kan ganyen da ke cikin keji.

Abar ta ɗago kai. Idanun nan biyu suka haɗu wuri ɗaya, ta taho tana rangaji, ta buɗe baki. Malam Tahir ya runtse ido, ya riƙe numfashi, ya kawo kalmar shahada a zuci. Da ya buɗe, ganye take lasa.

Bai fasa yayyafin ba, har ya aika a ƙaro. Baƙin ya washe, ta koma kore shar, Ikhlas ta dawo ta tarar da ita tana ƙiba. Tun daga nan in aka taɓo camfi a majalisa, Malam Tahir yakan gyara zama ya ce akwai abubuwan da kimiyya ba ta kai gare su ba tukuna.

Hawainiya dai ba ta shan ruwa a kwano. Ɗigon kan ganye take lasa, ko da na famfo ne.