Jan Ɗigon da Ya Sauko daga Dutse

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi ko Alƙur'ani aka miƙo mini zan dafa in maimaita shi yadda yake. Shekarun baya ne, lokacin ina sayen citta a Kafanchan ina lodi zuwa kudu, ni da ƙanena Nasiru. Ni ke zaman shago, shi ke shiga ƙauyuka da babur, yau Gidan Waya, gobe Gwantu, jibi can bayan duwatsu inda mota ba ta zuwa. In kun ji muryata da zafi ku yi haƙuri, akwai mutum ɗaya a cikin labarin nan da har gobe in na tuna fuskarsa sai abinci ya fita raina.

A lokacin hanya ta lalace, ana tare mutane da rana tsaka a ƙwace babur, wani sa'in a haɗa da mai babur ɗin. Sai wani kamfani ya buɗe ofis a saman wani bene kusa da tasha, suna sayar da wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba. Suka ce ita ba ruwanta da sabis ɗin waya, kai tsaye take magana da tauraron ɗan Adam, irin wanda sojoji ke hango maƙiya da shi, masu neman ma'adinai kuma su leƙa ƙarƙashin ƙasa. Duk inda take za ka gan ta a wayarka, ɗan jan ɗigo a kan taswira, sharaɗi ɗaya kawai, a bar ta inda za ta riƙa ganin sama. Na saya wa Nasiru, suka ɗaura ta a bayan babur.

To Inna, mahaifiyarmu, ita ce ta ce ba ta yarda ba. Ta ce ita ba babur ta haifa ba, kuma yanzu ko yaron goye ya san ɓarayi abin da suke fara kwancewa ke nan. Ta sa aka ciro ta, ta kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata kamar kambu, ya bar 'yar kafa ta caji, ta ɗaura wa Nasiru a damtsen hagu da hannunta. A wajenmu wa zai kalli kambu a damtsen ɗan kasuwa ya yi zargin wani abu? Nasiru ya yi ta dariya yana cewa yau ga layar Turawa, ni kuma na ce masa, kai dai ka tuna, in wani abu ya faru ka nemi fili, ka bar ta ta ga sama.

Ƙarshen damina, ranar kasuwar Gwantu, ya fita bayan karin kumallo zai duba gonakin da za a fara tono. Magariba ta yi bai dawo ba, wayarsa a kashe. Washegari da safe Bulus ya kira ni, wani manomi ne da muka daɗe muna sayen cittarsa, ya ce, "Oga, hanyan nan ba shi da kyau jiya. Na ga takalmin Nasiru guda ɗaya a bakin kwalbati." Nan take na buɗe waya, sai ga jan ɗigon can nesa da titi, a kan wani dutse, a tsaye cak.

Jami'an tsaro suka ce dutsen nan ba wurin da ake hawa da ka ba ne, sai kamfanin ya tabbatar musu mutum na wurin kafin su fitar da mota. Na ce wannan mai sauƙi ne, na haye benen nan da gudu. A nan na same shi, wani matashi mai farin tabarau, ya harɗe a gaban ƙaton allo, sanyin na'ura na kaɗa shi, yana cin gyaɗa. Ya dubi ɗigon ya ce, "Alhaji kwantar da hankalinka. Babur ba ya hawa dutse. Hadari ne ya rikita sigina."

Na ce masa ba a jikin babur take ba, a damtsensa take, na yi masa bayanin kambun. Kun san abin da ɗan banzan nan ya yi? Dariya. Ya kwantar da kai a bayan kujera yana ƙyaƙyatawa, har ya kira wata abokiyar aikinsa ya ce ta zo ta ji, an ɗinke satalayit a cikin laya. Ƙanena na kan dutse, ban san ko yana numfashi ba, wannan yana share hawayen dariya. Da ya gama ya ce mun karya ƙa'idar kamfani tunda mun cire ta daga inda suka ɗaura, don haka shi ba zai tabbatar wa kowa komai ba. Ya ƙara da cewa, "Kuma ka duba da kyau, ba ya motsi. Mutum mai rai yana motsi. Sun cire sun jefar ne kawai."

Na roƙe shi. Ni da na haifi kamarsa, na durƙusa a gaban teburinsa ina haɗa shi da Allah da iyayensa. Ya ce sai dai in jira manaja, yakan shigo tsakanin azahar da la'asar. Haka na riƙa zuwa kullum in tsaya a gindin matakalar benen nan daga azahar har la'asar, rana ta dake ni, ruwa ya dake ni, manaja bai taɓa zuwa ba, shi kuma mai tabarau in ya sauko sayen abinci sai ya ratse ni kamar bai taɓa ganina ba. Babu wanda ya kira mu neman fansa, kuma wannan shirun ya fi komai cin rai. Duk wanda na ce wa zan hau dutsen da kaina sai ya riƙe mini riga ya ce Inna ba za ta iya rasa biyu ba. Ɗigon kuwa yana nan inda yake, safe da yamma, ko gezau.

Ana cikin haka Bappa Gidado ya zo yi mana jaje. Bafulatani ne, aminin marigayi mahaifinmu, rugarsa na gindin duwatsun. Na nuna masa wayar, ya daɗe yana kallo, ya ce 'yan bindigar da ke tare hanya sun bar yankin, an ga sawunsu sun yi gabas. Ya ce, "Ɗana, gobe ka zo mu hau." Bulus da ya ji ya ce ƙafarsa ƙafarmu.

Da hantsi muka bar baburanmu a ruga, Bappa ya koro shanu kaɗan a gabanmu, ya ce mai tafiya da shanu ba ya jan ido. Hanyar 'yar siririya ce, ciyawa ta kai ƙirji, ga santsi, ga duwatsu. Mun yi nisa muna hawa na ciro waya don in ga saura yaya, sai na tsaya cak. Ɗigon ya motsa. Na murza ido na sake dubawa, wallahi tafiya yake, a hankali, yana gangarowa ta kan hanyar da muke bi.

Ban san lokacin da na haye wani dutse ina neman sabis ba. Na kira Inna na ce, "Inna yana da rai, ga shi nan yana saukowa da ƙafarsa!" Na ji ta fashe da kuka tana hamdala, ta ce bari ta ɗora masa faten acca, ta san yunwa ta gama cinye shi.

Muka ƙara sauri. A wayar akwai shuɗin ɗigo, wato ni, ga kuma jan yana matsowa, yana matsowa, har ya zama kwanar hanya ɗaya ce ta raba mu. Na ɗaga murya na kira sunansa. Muka sha kwanar, hanya fetal, rana tarwai, babu kowa.

Sai shanun suka tsaya. Ba wanda ya tsawata musu, suka dare gida biyu, wasu dama wasu hagu, suka shiga ciyawa suka sunkuyar da kai, suka bar tsakiyar hanya kamar yadda suke yi in mutum zai wuce. Na dubi waya, jan ɗigon ya hau kan shuɗin. A daidai nan ƙamshin busasshiyar citta ya buge ni, haɗe da ɗan warin fetur, wanda duk ya taɓa zama kusa da Nasiru ya san wannan ƙamshi, ko wanka ya yi ba ya barin jikinsa. Gefen damana ya ɗauki sanyi kamar an jingina mini tulu. Bulus ya cire hula yana addu'a ƙasa-ƙasa da sunan Yesu. Na buɗe baki zan sake kira, Bappa ya damƙe mini hannu ya ce, "Kada ka ƙara kiran sunansa. Mu bi shi kawai."

Ɗigon ya juya ya kama hawa, muka bi. In muka tsaya shan iska ya tsaya, in muka taka ya taka. Ya bar hanya ya ratsa ta wani wuri da ko shekara za mu yi muna nema ba za mu leƙa ba, har ya kai mu wani tsagi tsakanin manyan duwatsu biyu, ya koma daidai inda ya yi kwanaki yana tsaye tun farko.

A nan muka same shi. Harsashi ya karya masa ƙafa, ga alama da ya kasa tafiya ne suka yar da shi suka wuce. Ya yage rigarsa ya ɗaure raunin. Kusa da kansa akwai ɗan kwarmi a jikin dutse inda ruwan sama ke taruwa, ga sawun inda ya riƙa jan jiki yana sha, ga ganyayen da ya tattauna ya tofar. Jikinsa bai ko sandare ba, Bappa ya taɓa wuyansa ya ce da safen nan ne ya cika. Duk jikinsa na cikin inuwar dutse, amma ya fizge hannun rigarsa na hagu, ya miƙo damtsen waje cikin rana, kambun na kallon sama. Abin da na ce masa ya yi, shi ya yi. Duk kwanakin da ɗigon nan ke tsaye ana ce mini mai rai yana motsi, Nasiru na kwance a nan da ransa, ya miƙa hannu yana jiran mu.

Ba zan ba ku labarin yadda muka sauko da shi ba, ko yadda na shiga gida na tarar da tukunyar fate a kan murhu. Bayan an yi sadakar uku na ɗauki kambun na koma benen nan, Bulus na biye da ni saboda ya ga yadda idona ya juye. Na farke fatar a gaban mai tabarau na ajiye masa na'urar a tebur. Ruwa ya shige ta, batirin ya kumbura, ta daɗe da mutuwa. Ya danna allonsa ya juyo mini da shi, a nasu ɗigon bai taɓa gusawa ba ko taku ɗaya. Maimakon ya ce Allah ya jiƙansa, sai ya gyara tabarau ya ce, "Ka gani ko? Ai na faɗa maka ba ya motsi." Wallahi da Bulus bai rungume ni ta baya ba, da yau daga gidan yari nake ba ku wannan labari. Ban yafe masa ba, kuma kada wani ya zo mini da wa'azi a kan haka, na sha ji.

Kamfanin bai daɗe ba ya tattara ya bar garin. Na'urar tana cikin kwallar Inna, a mace, a naɗe cikin tsumma. Amma ban goge manhajar daga wayata ba, kuma ga abin da ya sa na ce sai na ba ku labarin nan. Duk ranar kasuwar Gwantu, da hantsi, jan ɗigon yakan taso daga kan dutsen. Ya gangaro, ya hau titi, ya ratsa Gidan Waya, ya shigo Kafanchan. Farkon ganina na ɗauka gida zai zo, har na buɗe ƙofar zaure. Sai ya wuce bakin lungunmu ko waiwaye babu, ya miƙe tasha, ya je gindin matakalar benen nan ya tsaya, daga azahar har la'asar, sannan ya ɓace.

Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne ya ari sawunsa, wani ya ce in yi ta sadaka in daina dubawa. Na kai wa masu gyaran waya, suka juya ta suka juya, suka miƙo mini abata. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na je na tsaya a wurin, yanzu teloli ne a saman, ga mai sayar da lemo a gefe, mutane na ta wucewa. Ƙamshin citta ya taso, gefen damana ya ɗauki sanyi, na bar wurin ban ko juya ba. Har yau ban sani ba, mai tabarau yake jira ya sauko, ko ni yake nema a inda ya san na tsaya.

Don haka jama'a, shawarata gare ku, ku sayi na'urarku, ban hana ku ba, tauraron nan bai yi mini ƙarya ba, daidai inda ƙanena yake ya nuna. Amma ranar da naku ya ɓace kuka ga ɗigonsa a tsaye, kada ku tsaya a gindin benen kowa, ku nemi mutanen da suka san dajin ku tafi tun yana tsaye. Inna ta tsufa yanzu, idonta ba ya ganin waya, amma ba ta manta ranar kasuwar Gwantu. In azahar ta gabato sai ta kira ni ta ce, "Ya shigo gari?" In ce ya shigo. Ta ce, "Ya tsaya?" In ce a'a Inna, ya wuce.