Ranar da Kakarmu Ta Hau Tudu a Zaune

Wata Juma'a da hantsi, a shekarar da na fara azumi, muna cikin ɗaure damman gero a ƙofar gidanmu a Bodinga, Kawu Bello ya iso da motar da ya sayo daga Kwatano. Muka watsar da aiki muka kewaye ta. Otomatik ce, ba ta da kuloci, ita ke sauya wa kanta giya. Maƙwabta suka yi ta yi masa ba'a, wai ya sayo motar ragwaye.

Washegari kakarmu Hajjo na da sunan jika a wani ƙauye bayan Lambara. Hajjo ta daɗe ba ta je can ba, saboda wani tudun marmara da ke kan hanya. Duk motar da ta iso gindinsa sai fasinja su sauka su hau da ƙafa, maza na turi, yara na biye da duwatsun tokare taya. Ita kuwa gwiwoyinta sun gaji. Kawu ya rantse mata a zaune za ta hau.

Muka cika motar da mutane da buhun gero da albasa. A miƙaƙƙen titi Kawu ya nuna mini wani ɗan maɓalli a jikin sandar giya, wanda direbobi ke kira O.D. Ya ce a shimfiɗaɗɗiyar hanya barinsa ake yi a kunne, injin ya huta, mai ya yi auki. Da muka iso gindin tudun ya rage gudu, sai kowa ya buɗe ƙofa ya dire kamar yadda aka saba. Ni har na sunkuci dutse. Hajjo ma ta fara laluben sandarta, idonta ya yi rau-rau.

"Inna, ina za ki?" in ji Kawu. "Ku koma ciki! Kai kuma yar da dutsen ga."

Muka koma. Da aka fara hawa motar ta shiga ruɗu, ta ɗauki babbar giya, ta sake ta, ta kuma ɗauka. Sai ya danna maɓallin ya kashe shi, wata 'yar fitilar alama ta kunnu a gabansa. Injin ya yi gurnani, ya riƙe giya ɗaya, muka yi ta hawa a hankali har ƙoli. Hajjo ta rangaɗa guɗar da ta firgita awakin bakin hanya. A gangara ma bai kunna maɓallin ba, ya ce injin ne zai riƙe motar, kada birki ya yi zafi.

Yau an gyara hanyar, motoci na wuce wurin a guje, 'ya'yana ba su ma san ana sauka a can ba. Hajjo da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni dai in na iso wurin nakan sassauta, don ban taɓa jin daɗin tafiya kamar ta ranar nan ba.