Hantar Aro Da Ta Kori Duba-Gari

Malam Edita, a shekarun da aka yanko mana Jigawa daga Kano ni mahauci ne a Birnin Kudu, ƙato mai tumbin da kan riga ni shiga kasuwa, ga baki. In na fara barkwanci, ko saniyar da za a yanka sai ta murmusa. Yau kuwa ba raha ta kawo ni ba, haushin kaina ne da na abokan sana'ata.

Sabuwar jiha ta turo mana wani duba-gari, siriri kamar tsinken tsire, ba ya karɓar ko ƙashin miya. Kullum da safe yana mayanka, ya tsaga hanta, ya matsa huhu. In lafiya ya buga hatimi a cinya, in da cuta ya sa a kwarara wa naman kananzir a binne. Muka tsane shi kamar ciwon haƙori.

Wata rana na sayo saniya daga ƙauyen Surko, tana zawo, tana layi kamar tsohuwar tifa. Da aka farke ta, hantar ko ungulu ta gani sai ta ce azumi take. Wani dattijo cikinmu, mai tabon salla a goshi, ya ce in share hawaye, ai don irin wannan rana ake aron hanta. Ya miƙo mini kayan cikin wani bijimi da ya yanka a gida, muka tura nawa ƙarƙashin buhu. Duba-gari, bawan Allah, ya zo ya duba, har ya yaba, ya buga hatimi. Na ɗaure naman a babur sai kasuwar Gwaram, wasu masu bikin suna suka kwashe.

Bayan kwana biyu aka shiga jigilar mutanen gidan zuwa asibiti, har da mai jego. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Da aka biyo sawu zuwa kaina, na ce ni jahili ne, ga hatimin hukuma. Mahauta suka haɗa baki wai duba-garin cin hanci ya yi, aka sallame shi daga aiki. Marasa tsoron Allah, ranar har tafawa suke yi!

Kafin ya bar gari ya same ni a rumfa. Bai zage ni ba. Ya ce da hannunsa ya tsaga hantar nan, ko dai idonsa ne ya soma mutuwa? Tsakani da Allah yake tambaya. Ni kuma da wannan tsinannen baki na ce ya nemi tabarau. Aka fashe da dariya, ya sunkuyar da kai ya tafi.

Ku masu sayar da abin da ke shiga cikin mutane, duba-garin da ya takura muku ba maƙiyinku ba ne, maƙiyin shi ne mai koya muku dabara. Saboda saniya guda mai cuta na cire tuwo daga bakin iyalin mutumin kirki, kuma har yau ban san ƙofar da zan durƙusa in nemi gafara ba.