Mai Cewa A Buɗe

A cikin masu shafen titi babu wanda ke kiransa da sunansa na yanka, Alƙali kawai ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a aikin, kuma a ashirin daga ciki shi ke yanke hukuncin da ya fi kowanne nauyi, wato yaushe za a janye shinge a bar motoci su hau.

Wanda bai san aikin ba zai ce wannan ma har wani abu ne? To, abu ne babba. Shafe ba zuba sabon titi ba ne. Titin da ya fara tsufa, ya yi fari-fari amma bai kai ga farfashewa ba, shi ake yi wa. Mota ce ke dama kwalta mai ruwa da garin tsakuwa, tana tafe a hankali tana shimfiɗawa, kaurin bai kai ɗan yatsa ba. Da farko launinsa ruwan ƙasa ne, sai ruwan ciki ya fita sannan ya koma baƙi wuluk. Ka buɗe yana ɗanye, taya ta kwashe shi. Ka ja lokaci, mutanen unguwa su yi maka ca.

Alƙali kuwa bai taɓa kuskure ba, kuma ya san bai taɓa ba, shi ya sa yake da ɗan ɗaga kai. In ya ga hadari ko da a gefen sama ne, sai ya ce yau babu aiki. In safiya ta yi sanyi, a jira. In rana ta karkata, a bari sai gobe. Injiniyoyi nawa suka zo da takardunsu suka yi musu da shi, ruwa ya sauko ya raba gardama. Bayan an buɗe ma ba ya barin mutane su sarara. In ya ga direba yana murɗa sitiyari a tsaye a kan sabon shafe, sai ya bi shi da faɗa: "Kai malam, fatar jariri ce fa! Ka motsa tukuna ka juya!"

Sai ido ya fara cin amanarsa. Matarsa ce ta fara lura, ranar da ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kama iska. Ta matsa masa har asibiti. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiya ce, abin da ya tafi ya tafi, saura sai lallaɓawa da magani. Yana ganin mutum, yana ganin mota, amma ruwan ƙasa da baƙi sun zama abu ɗaya a wurinsa.

"Ka faɗa musu mana," in ji ta a hanyar komawa.

"In faɗa musu in zama me?"

Ita ma ta san ba aikin kaɗai yake tsoron rasawa ba.

Mutum ɗaya ne ya gane halin da yake ciki a wurin aiki. Nabaya ake ce masa, don shi ke bin bayan mota da sanda mai roba yana daidaita gefe. Tare suka shiga aikin suna samari, kullum cikin tsiya suke, wannan ya ce wa wancan tsohon banza, wancan ya rama. Nabaya bai tambaye shi komai ba. Wata rana dai ya zo wucewa, ya ce ƙasa-ƙasa kamar da kansa yake magana: "In na jingine sandata roba a sama, kwalta ta bushe." Shi ke nan. Shekara uku suna haka. Alƙali ya durƙusa ya taɓa bakin titi da bayan hannu, ya miƙe ya ƙura wa tsakiya ido kamar mai karatu, alhali sandar abokinsa yake dubawa. Ko sau ɗaya bai ce na gode ba, don godiyar ma amsa laifi ce.

Wata safiya Nabaya bai zo ba. Ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace.

A makon aka ba su wani titi mai dogayen benaye a gefe ɗaya. Alƙali ya san sharrin irinsa: inda inuwa ta kwanta ba ya bushewa da wuri. An gama shimfiɗa da hantsi. Awa huɗu suka wuce. Motoci sun yi layi bayan shinge, hon kamar za su tsaga kunne, wata mata tana ihu ita ɗanta za ta ɗauko daga makaranta. Ya taɓa baki, ya ji a bushe. Amma hannu ba ya kai wa tsakiya, ba kuma a taka ta. Ya duba, ya sake dubawa, bai ga komai ba sai duhu ɗaya shimfiɗe.

Injiniya, wani mai ladabi da bai daɗe da zuwa ba, ya matso. "Baba, me ka gani?"

Kalma uku ce za ta fitar da shi: duba mini launin. Tana bakinsa, wallahi tana bakinsa. Amma leburori goma sha biyu na tsaye suna kallonsa, kuma girman kai rawanin tsiya ne.

"A buɗe," ya ce.

Da kunne ya san ya yi ɓarna. Taya a kan busasshen shafe shuu take yi. Wannan kuwa caɓ-caɓ ya ji, sai ƙarar tsakuwa tana dukan cikin motoci. Kafin a mayar da shinge mota ta kai ashirin ta wuce. Sun ɗaye ɓangaren inuwa tun daga farko har ƙarshe, sun kwashi kwalta sun kai ta har ƙofar gidajen mutane.

Injiniya bai ɗaga murya ba. Ya ja shi gefe. "Baba, duk mun ga ruwan ƙasa ne. Ni na gani, su ma sun gani. Mun ɗauka kai ka ga abin da ba mu gani ba."

Nan ne zuciyarsa ta karye. Mutum goma sha uku masu lafiyayyen ido sun ƙaryata idonsu saboda shi. Ya zauna a bakin kwalbati, ya cire hularsa, ya faɗi gaskiya duka, har da sandar Nabaya. Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi masa sauƙi.

Da yamma ya je gidan abokinsa, ya zauna a gefen katifa. "Tsohon banza, ka tafi da idona ka kwanta," ya ce, yana son ya yi wasa. Nabaya ya yi ƙoƙarin ramawa, bakin ya ƙi, sai hawaye ta gefen ido ɗaya. Can sai matar gidan ta shigo da magani.

Ba a kore shi ba. Injiniya ya tsaya masa, aka ba shi tsintsiya. Kwana biyu ko uku bayan kowane shafe tsakuwa kan saki, dole a share kada ta taru a magudana. Wannan aikin ba ya son ido sosai, ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin tsintsiya ke gaya masa inda ya rage. Yana yinsa tsakani da Allah, kuma har yanzu Alƙali suke ce masa.

Injiniyan, Allah Ya saka masa, bai daina zuwa ba. Duk ranar da za a buɗe titi sai ya tako har inda tsohon yake, ya rusuna ya ce, "Baba, me ka ce? Mu buɗe?" Alƙali sai ya jingine tsintsiya, ya durƙusa da ƙyar, ya taɓa bakin titi da bayan hannu. Kunnensa kuwa ras yake. Tun kafin ya miƙe yana jin ƙarar shinge can ƙarshen titi, an riga an fara ja.

"A buɗe," yakan ce.