Farar Ƙasa a Bangon Gabas

Wata safiyar Asabar a bazarar 1979 na fito da tallan ƙosai a kaina, sai na tarar da Inna a bayan gidanmu da ke Kurmin Sarki, tana danna bangon ɗakinmu da yatsa, ƙasa tana zubowa kamar gari. Shekarata tara, lokacin tsofaffi ba su daina ce wa garinmu Abuja ba, duk da an ba sabon babban birnin ƙasa sunan. Babanmu ne ya gina ɗakin da tubali, da hannunsa, ya rasu bai yi masa yaɓe ba, ruwan damina kuwa ya riga ya cinye gindin bangon gabas. Baffa Sule, yayan Baba, ya yanke magana cewa duk ranar da bangon ya faɗi za mu kwashe mu koma wurinsa a Gauraka, a ba baƙi filin. Inna ba ta yi masa gardama ba. Cewa kawai ta yi, "To Yaya, ai bai faɗi ba tukuna."

Siminti ya fi ƙarfinmu, kuma Inna ta ce Baba bai taɓa yarda da shi a jikin tubali ba, wai kumbura yake yi ya ɓare ya bar ruwa a ciki. Farar ƙasa da yashi ya yi niyyar sawa. Akwai wani mai walda mutumin kudu a bakin titi da ke zubar da farin taɓon da ke rage masa bayan aiki, wannan taɓon kuwa farar ƙasa ce. Da na je roƙo ya yi ta dariya, ya ce in kwashe duka har da ramin. Kullum in na taso daga makaranta sai in ajiye jaka in ɗauki bokiti, ƙawayena suna carafke a gindin mangwaro suna kirana amaryar walda, domin fari fat nake dawowa. Yashi kuma daga rafi muke ɗebo shi, ni da ƙanena Bala, wanda rabin nasa a hanya yake ƙarewa.

Unguwa ta ɗauki magana, domin daɓen ƙasa ne aikin mata, yaɓen waje na maza ne. Inna ta ɗaure zane a ƙugu ta hau turmi. Cikin tsakar rana muka shafe bangon, muna murna zafi zai busar mana da shi da wuri. Washegari muka tarar ya tsattsage ko'ina, wani wurin ya zubo ƙasa. Na zauna na yi kuka har da majina, domin na riga na hango mu a motar Gauraka. Inna ta daɗe tana murza ɓarɓashin a tafin hannunta, sannan ta ce, "Ƙishirwa ce ta kashe shi. Ɗauko fartanya."

Muka kankare shi duka muka sake. Wannan karon sai da muka jiƙa bangon, muka jira rana ta juya, muka shafa siriri, muka rataya tsofaffin tabarmi don inuwa. Safe da yamma muna yayyafa masa ruwa da tsintsiya, ga rijiyarmu ta kafe, kowane tulu daga rafi yake zuwa. Farar ƙasa ta cinye yatsun Inna har ta kasa tuƙa tuwo, ni nake tuƙawa tana shafa man kaɗe. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba.

Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi wata la'asar, ya yi ta dukan bangon gabas. Yana tsayawa na fita da gudu ba ko takalmi. Ruwan ya gangare, bangon yana nan fari, na danna da yatsa na ji tauri. Da Baffa ya zo ya zagaya ya ƙwanƙwasa bangon, sannan ya nemi ruwan alwala. Maganar Gauraka ba ta sake tashi ba.

Yau benaye masu fenti sun kewaye gidan, 'yan haya masu sammakon zuwa aiki Abuja ne a ciki. Inna ta daɗe da rasuwa. Kowace shekara maƙwabta suna sake fenti, ni kuwa na hana a taɓa bangon gabas, domin sawun yatsunta yana nan a jikinsa. In kewarta ta dame ni, can nake zuwa in ɗora hannuna.